Yadda Ake Bin Sawun Kuɗin Gotar Unguwa, Daga Lungu Har Ofishin Asambili

Duk wanda ya zauna a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Accra ya san irin aikin gotar da muke magana a kai. A kawo yashi da tsakuwa a zube a bakin hanya, a haƙa rami, a zuba kankare na 'yan mitoci, sai ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya ɓace. Ruwan Yuni ya sauko, ramin ya cika da bola, ruwa ya bi lungu ya shiga ɗakunan mutane. Sai a yi ta kiran gidan rediyo, wani ya ce asambiliman, wato wakilin unguwa a asambili (majalisar ƙaramar hukuma), shi ne ya ci kuɗin, wani ya ce jam'iyya kaza ce ba ta ƙaunar Zango. Bayan mako biyu maganar ta mutu, ramin yana nan.

Ofis ba ya amsa ihu, takarda yake amsawa. Dokokin Ghana guda biyu sun ba mazaunin unguwa ikon tambayar nawa aka ware, wa aka ba aikin, nawa aka biya shi. Ta farko ita ce dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936. Ta biyu dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, mai lamba 989, wadda kowa ke kira RTI, ta fara aiki a Janairun 2020. Mun ɗauki gota a matsayin misali domin ita ce ke kashe mutane: ruwan da ke bin babbar gotar Nima yana gangarawa kogin Odaw ne ta wajen shataletalen Circle, inda ambaliya da gobarar gidan mai suka hallaka sama da mutum 150 a daren 3 ga Yuni 2015. Amma hanyar ɗaya ce ko da ajin makaranta ne aka bari ba rufi, ko bayan gida na jama'a, ko rijiyar burtsatse, ko rumfunan kasuwa.

Ku fara da mutane kaɗan da aiki ɗaya

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. A cikinsu a samu wanda ya iya rubuta Turanci mai tsafta, da magini ko kafinta da ya san aikin kankare, da mace aƙalla biyu. Ba don cika lissafi ba: mai sayar da koko ko waakye a bakin gotar ita ta san ranar da aka fara haƙa, da ranar da motar siminti ta daina zuwa, da gidajen da ruwa ya fi shiga. A tabbatar akwai ɗan NDC kuma akwai ɗan NPP, manyan jam'iyyun ƙasar biyu, a tafiyar. In duk 'yan ɓangare ɗaya ne, ranar farko za a maƙala muku lamba, daga nan duk abin da kuka faɗa a ce siyasa ce. Kafin ku taka ofis, ku je ku gaida Sarkin Zango da limamin unguwa da magajiya, ku shaida musu abin da kuka sa gaba. Ba izini doka ta ce ku nema ba, amma in babba ya fara jin labarin daga bakin jami'i, a matsayin ƙarar yaransa zai ji shi.

Ku zaɓi aiki ɗaya tak. Takardar da ta haɗa gota da fitilar titi da rashin aikin yi da kujerar Hajji, amsarta ita ce "muna dubawa". A sayi littafi mai bango mai ƙarfi da fayil ɗaya, mutum ɗaya ya riƙe, a ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a wayoyi biyu.

Awo kafin magana

Ku samo tef na awo mai mita 50. Ku auna tsawon abin da aka gina daga farkonsa zuwa inda ya tsaya, da faɗin cikin gotar, da zurfinta, da kaurin bangonta a wurare uku ko huɗu. Gotocin da asambili ke bayarwa galibi masu siffar U ne, faɗinsu mita 0.6 ko 0.9, manya su kai 1.2, kuma faɗin shi ne abu na farko da ake ragewa ba a lura ba. Ku ƙirga marufan kankare da aka ɗora da waɗanda suka rage. Ku ɗauki adireshin GhanaPost GPS na farkon aikin da na ƙarshensa, domin a lungunanmu "bayan masallaci" ba adireshi ba ne a wajen injiniya. Hotuna su kasance da kwanan wata, kuma a sa tef ɗin a cikin hoton yana nuna awon.

In akwai allon aiki, ku kwafe duk abin da ke jikinsa: sunan aikin, hukumar da ta bayar, inda kuɗin ya fito, kamfanin da aka ba, mai sa ido, da wa'adin kammalawa. In babu allo, ku rubuta cewa babu.

Aikin wa ne?

Nan ake ɓata watanni. Ba kowace gota ce ta asambili ba. Manyan magudanan da ke kwasar ruwan gari suna ƙarƙashin hukumar kula da magudanan ruwa ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da gidaje. Waɗanda ke gefen manyan titunan birni na sashen titunan birane ne. Na cikin lungu su ne na asambili. Akwai kuma aikin GARID, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 200 a 2019 don rage ambaliya a kwarin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka zaɓa tare da Alogboshie da Akweteyman. Akwai Asusun Raya Zango, wanda doka mai lamba 964 ta kafa a 2017. Kowannensu yana ƙarƙashin gwamnati, kuma dokar RTI ta hau kansa, amma sai kun san ƙofar da za ku buga.

Ku kuma san asambilinku. Tun 2018 aka yayyanka tsohuwar AMA, asambilin birnin Accra: Nima tana Ayawaso East, Mamobi tana Ayawaso North, Sabon Zango tana Ablekuma Central. 'Yan Madina nasu La Nkwantanang-Madina ne. A Kumasi, mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba na Asokore Mampong ne, ba KMA, asambilin birnin Kumasi, ba.

Wa ke riƙe da kuɗin

Mutane da yawa suna ɗora wa asambiliman laifin da ba nasa ba, su ƙyale shi a kan wanda yake nasa. Shi ba ya sa hannu a cak, ba ya ba da kwangila. Shugaban asambili, wato MCE, shugaban ƙasa ne ke zaɓo shi, 'yan asambili su tabbatar da shi da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta suka jefa ƙuri'a. Kashi 70 cikin 100 na 'yan asambili mu muke zaɓensu, sauran kuma naɗi ne daga sama. An shirya ƙuri'ar raba gardama a 17 ga Disamba 2019 a kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi, aka soke ta ana saura 'yan makonni, maganar zaɓen MCE ta kwanta tare da ita. Sakamakon shi ne mutumin da ke riƙe da kuɗin unguwarku idonsa yana kan wanda ya naɗa shi, ko wace jam'iyya ce ke mulki. Mu a ganinmu wannan tsari ne da ya kamata a sauya, amma kafin a sauya shi takarda ce kawai ke juyo da fuskarsa gare ku. Ƙarƙashinsa akwai kodinetin darakta, wanda shi ne babban ma'aikaci kuma sakataren asambili, sai jami'in kuɗi, da na kasafi, da na tsare-tsare, da injiniyan sashen ayyuka.

Kuɗin yana zuwa ta hanyoyi kaɗan. Babba shi ne Kwaman Fon: sashe na 252 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa asambiloli aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, a biya duk wata uku. Yakan makara sosai, shi ya sa amsar da za ku fi ji ita ce "Kwaman Fon bai zo ba". Wani lokaci gaskiya ne, kuma ana iya tabbatarwa, domin ranar da kuɗi ya shigo a rubuce take. Na biyu shi ne kuɗin da asambili ke tarawa da kanta, IGF: tikitin kasuwa, harajin gida, lasisin shago da na kiyos. Wannan daga aljihun iyayenmu mata na kasuwar Nima yake fitowa kullum. Ɗan majalisar dokoki ta ƙasa ma yana da kasonsa a Kwaman Fon, kuma ta asusun asambili yake bi, don haka ana iya tambayar abin da aka yi da shi.

Kafin ku tambayi kowa, ku duba abin da yake a fili. Ma'aikatar kuɗi tana sa kasafin kowace asambili a shafinta na intanet. Ku nemi sunan asambilinku da shekara. Littafin yana da tsawo, ku wuce zuwa wajen ƙarshe. A kasafin shekarun baya-bayan nan akwai jadawalin ayyukan da ake kan yi, da sunan ɗan kwangila, da jimillar kuɗin, da abin da aka biya, da abin da ya rage. Ku duba na shekara uku a jere. Aikin da ke fitowa kowace shekara da suna ɗaya kuma bai motsa ba, ku ja masa layi. Ku duba rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa a kan asambiloli da kan Kwaman Fon, wanda ke fitowa kowace shekara, inda ake lissafa ayyukan da aka watsar da kuɗin da aka biya ba takarda.

Asambiliman da 'yan yunit kwamiti

Sashe na 16 na doka 936 ya wajabta wa asambiliman ya gana da mutanen mazaɓarsa kafin kowane zaman asambili, ya kai ra'ayinsu, ya dawo ya faɗa musu abin da aka yanke. Asambili kuwa dole ta zauna aƙalla sau uku a shekara. Ku je masa da girmamawa, ku biyu ko uku: "Onarabul, ga abin da muka auna, ga abin da muka gani a kasafi. Muna so ka tayar da maganar a ƙaramin kwamitin ayyuka, ka kuma faɗa mana ranar zama na gaba." Ku ba shi a rubuce, ya sa hannu a kwafinku. Ku ba 'yan yunit kwamiti su biyar, wato zaɓaɓɓun wakilan unguwa da ke aiki tare da shi, nasu kwafin. Da yawa daga cikinsu su ma ba a nuna musu takardun kwangila, kuma za su ji daɗin samun mutane a bayansu. In ya ce ku bar masa komai, kada ku je ofis, ku gode masa ku ci gaba da mataki na gaba.

Takardar RTI

Mutum ɗaya ne zai sa sunansa, sai a zaɓi wanda ba ya cin abinci a hannun asambili, ba mai rumfar da za a iya ƙwacewa ba. Ana rubuta wa jami'in bayanai na ma'aikatar. Ofisoshi da yawa suna da fom, amma wasiƙa ma ta wadatar in ta ƙunshi abin da sashe na 18 ya nema: suna da adireshi, shaidar ko wane ne kai kamar kwafin Ghana Card, bayanin abin da ake nema dalla-dalla, siffar da ake so a karɓa, da sa hannu. Ba dole ne ku faɗi dalili ba. In jami'i ya ce "me za ku yi da shi?", amsar ita ce doka ba ta nemi dalili ba sai ga wanda ya ce buƙatarsa ta gaggawa ce.

Wanda bai iya rubutu ba, ko mai larura, yana iya nema da baki. Jami'in ne zai rubuta, a karanta masa cikin harshen da yake ji a gaban shaida, ya dangwala yatsa, a ba shi kwafi. Hajiyar da ba ta yi boko ba tana da wannan haƙƙi daidai da lauya. Mun san abin da ke sa dattawanmu ƙin ofis: tun korar baƙi ta 1969 a zamanin firaminista Busia, da tambayoyin "ina garinku na asali" da har yau ake yi wa ɗan Zango wajen katin ƙasa da fasfo. Wannan tsoron yana da tushe, kuma shi ne ya sa ake raina unguwanninmu, domin an san ba za mu zo mu tambaya ba.

Abin da ke kashe yawancin takardu shi ne a yi tambaya maimakon a nemi takarda. "Me ya sa aka bar gotarmu?" ba ta da amsar da za a kama. Ku nemi abubuwan da ke cikin fayil, kowanne da lambarsa, bayan kun ambaci sunan aikin yadda yake a kasafi ko a allo, da adireshin GPS:

wasiƙar ba da kwangila da yarjejeniyar da aka sa wa hannu, mai ɗauke da jimillar kuɗi da ranar farawa da ranar gamawa; takardar ƙididdigar kayan aiki, wadda injiniyoyi ke kira BOQ, tare da zanen aikin; duk takardun shaidar biya da injiniya ya sa wa hannu, da ranaku da adadin abin da aka biya; kuɗin somin aiki da aka ba ɗan kwangila da takardar lamunin banki da ya ajiye a kansa; duk wata takardar sauya aiki ko ƙara wa'adi; rahoton sa ido na baya-bayan nan; da ranaku da adadin Kwaman Fon da ya shigo asusun asambili a shekarun da aikin ya shafa.

Ku ce kuna so a turo ta imel ko a sa muku a filasha, in ba zai yiwu ba a yi fotokwafi. Ku buga kwafi biyu. A karɓi ɗaya, a buga muku hatimin karɓa a ɗayan, da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa. Kada ku fita ba tare da wannan hatimin ba, domin daga shi ake ƙirga kwanaki, kuma ba shi, za a iya cewa ba a taɓa ganin takardarku ba. In an ce jami'in ba ya nan, ku kai wa rajistara. In an ƙi bugawa, ku aika ta EMS na Ghana Post ku ajiye rasit.

Maganar kuɗi: neman bayani ba a biyansa, kuɗin kwafi kawai ake biya, kuma abin da majalisa ta ƙayyade a 2022 bai kai rabin sidi ba a kowane shafi. A 2021 hukumar ma'adinai ta nemi dala 1,000 daga 'yan jaridar The Fourth Estate kafin ta ba su bayani; Hukumar RTI, mai sa ido a kan dokar, ta ce abin da za a biya bai wuce kusan sidi 2 ba, babbar kotu kuma ta tabbatar da hukuncin. Duk abin da kuka biya ku karɓi rasit na gwamnati.

Ƙirgar kwanaki

Jami'in yana da kwana 14 ya yanke shawara ya sanar da ku a rubuce. In takardun suna da yawa ana iya ƙara masa kwana 7, amma sai an sanar da ku. In bayanin ba ya hannunsu, aikinsa ne ya tura takardar ga ma'aikatar da ke da shi ya kuma shaida muku, ba ya ce ku je ku nemo ba. In kwana 14 suka cika shiru, doka ta ɗauka an hana ku. Wannan shi ne abin da mutane ba su sani ba, sai su yi ta zarya wata uku ana ce musu su dawo gobe. Kun miƙa ranar 2 ga wata, ranar 17 ku kai takarda ta biyu.

Takarda ta biyu ita ce neman sake dubawa a cikin gida. Ana rubuta wa shugaban ma'aikatar cikin kwana 30. A asambili ku rubuta wa MCE, ku ba kodinetin darakta kwafi, ku maƙala kwafin takardar farko mai hatimi. Yana da kwana 15. In ya hana ko ya yi shiru, sai ku kai ƙara Hukumar RTI a Accra da kwafin komai. Hukumar tana da ikon umartar a ba ku, kuma ta sha cin tarar ma'aikatun da suka yi kunnen ƙashi. Kada ku tsallake mataki na biyu ku tafi Hukumar kai tsaye, za a dawo da ku.

In an ce "sirri ne", ku nemi a rubuta sashen dokar da aka dogara da shi. Dokar ta keɓe abubuwa kamar tsaron ƙasa, binciken 'yan sanda, sirrin kasuwancin wani da bayanan rayuwar mutum. Nawa aka biya ɗan kwangila da kuɗin jama'a a kan gotar lungu ba ya kama da ko ɗaya. Ko da wani yanki na takarda keɓaɓɓe ne, a rufe shi a ba ku sauran. Sashe na 17 kuma ya ce ko bayanin da aka keɓe ana fitar da shi in zai tona karya doka, ko sakaci da aiki, ko haɗari ga lafiyar jama'a, matuƙar amfanin fitarwar ya fi illarta. Ruwan gota da ke kwana a tsakar gida haɗari ne ga lafiya. Kwalarar 2014 ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a yankin Accra.

Karanta takardun a bakin gotar

Ku tafi wurin aikin da BOQ a hannu da magininku. Misali kawai: kwangila ta ce mita 400 mai faɗin 0.9, takardar biya ta ce an yi kashi 70, tef ɗinku ya ba ku mita 150. Ta tsawo, abin da aka yi bai kai kashi 38 ba. Amma kada ku yi saurin ihu. Injiniya da kuɗi yake lissafin kaso, ba da tsawo ba, kuma kwalbati ɗaya ko fasa dutse na iya cin kuɗin mitoci masu yawa. Ku bi BOQ layi-layi: haƙa, kankaren shimfiɗa na ƙasa, rodi, kankaren bango, marufai, cike gefe. A gaban kowane layi ku rubuta abin da aka ce an yi da abin da idonku ya gani. Giɓin da ya rage bayan wannan shi ne abin tambaya.

Sai ingancin aikin. Bangon da tsakuwa ke leƙowa da ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, ba a girgiza kankaren ba lokacin zubawa, ruwa zai shiga ya ci rodin. Wanda kake kankara da ƙusa yana zuba, siminti ya yi kaɗan ko ruwa ya yi yawa. Haɗin da magina suka saba shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, amma abin da yarjejeniya ta rubuta shi ne ma'auni. Tsage-tsage a saman sabon kankare yawanci rashin ban ruwa ne, domin yana buƙatar jiƙawa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma a kwana 28 ake gwada shi. Rodin da ke bayyane zai yi tsatsa ya fasa bango. Abu mafi muhimmanci shi ne gangara: ku zuba bokiti biyu na ruwa a sama ku bi shi. In ya tsaya a tsakiya, ko kuma bakin gotar ya fi wadda zai zuba a cikinta ƙasa, an gina wa sauro gida ne, kuma ranar ruwan sama baya zai dawo.

Ku duba ranaku. Kwangilolin gini suna da lokacin gyaran aibi bayan miƙa aiki, galibi wata 6 ko shekara, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, yawanci kashi 5 zuwa 10, har lokacin ya wuce. In kuna cikin wannan lokaci, ku gaggauta rubuta wa injiniyan sashen ayyuka jerin aibobin da hotuna, ku nemi kada a saki kuɗin sai an gyara. In an riga an saki, gyaran ya koma kan aljihun jama'a. In kuma takardu sun nuna ɗan kwangila ya yi aiki ba a biya shi ba, to ba shi ne matsalar ba, tambayar ta koma kan me aka yi da kuɗin da ya shigo.

Inda za a kai abin da aka gano

Ku taƙaita shi a shafi ɗaya: abin da kwangila ta ce, abin da aka biya, abin da aka auna, abin da kuke nema da wa'adi. Kada kalmar "sata" ko "ɓarawo" ta shiga, a takarda ko a WhatsApp ko a Facebook. An soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna tun 2001, amma ana iya maka ku a kotu a nemi diyya, kuma dokar yaɗa labarin ƙarya tana nan. Ku ce "an biya kaza, mun auna kaza, muna neman bayani". Wannan ba mai iya kama ku a kansa.

Wuri na farko shi ne kwamitin hulɗa da jama'a da ƙorafe-ƙorafe na asambili, PRCC, wanda firizaidin memba, mai jagorantar zaman asambili, ke shugabanta, ba MCE ba, kuma akwai wakilan CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, da NCCE, hukumar wayar da kan jama'a, a cikinsa. Doka 936 ta ba mazauna 'yancin kai koke, ta kuma ɗora wa asambili amsawa. Ku haɗa da sa hannun mazauna, kowa da sunansa da lambar gidansa. Sa hannu 80 na gaske ya fi 500 da hannu ɗaya ya rubuta. Ranar babban zama ku je ku zauna a wurin masu saurare, cikin natsuwa, dattawa a gaba. In ba a motsa ba, CHRAJ tana karɓar ƙorafin zaluncin ofis kyauta, kuma a kai cikin wata 12. In takardu sun nuna an biya aikin da ba a yi ba, ku aika wa ofishin binciken kuɗi na ƙasa, domin babban mai bincike yana da ikon tilasta wa wanda ya jawo asarar ya mayar, kuma Kotun Ƙoli ta umarce shi a 2017 ya riƙa amfani da ikon. Zargin cin hanci na ofishin mai gabatar da ƙara na musamman ne. Yanzu ne lokacin rediyo ya yi, da takarda a hannu.

In za ku fita zanga-zangar lumana, dokar 1994 mai lamba 491 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana 5 kafin ranar. Sanarwa ce, ba neman izini ba. Ku sa masu tsare layi daga cikin samarin bes-bes, wato majalisun hira na unguwa, domin dutse ɗaya ya isa a manta da gotar a koma maganar "yaran Zango".

Ku shirya wa amsar da za a jefo muku: ku ne ke zuba bola a gota. Akwai gaskiya a ciki, kuma musu ba zai taimaka ba. Ku yi aikin gayya ku kwashe, ku ɗauki hoto, sannan ku nemi a rubuce ranar da za a kwashe abin da kuka fitar da inda za a ajiye kwantenar bola. Yashin da aka tara a bakin gota aka bari, ruwan farko zai mayar da shi ciki. Za a kuma iya kiran ɗayanku gefe a yi masa alkawarin aiki ko buhun shinkafar azumi. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa ba mai zuwa ganawa shi kaɗai, kuma duk ganawa a rubuta ta a littafi a ranar.

In aikin ba ya cikin kasafi ko kaɗan

Wani lokaci za ku tarar ba a taɓa ware wa gotarku ko kobo ba, alkawarin kamfen ne kawai. To nan ba bin sawu za ku yi ba, shigar da ita za ku yi. Asambili tana aiki da tsarin raya ƙasa na shekara huɗu, daga cikinsa ake ciro tsarin kowace shekara, daga shi kuma ake yin kasafi. Abin da ba ya cikin tsarin, da wuya a kashe masa kuɗi. Ana fara haɗa kasafin baɗi tun tsakiyar shekara, a amince da shi kafin shekara ta ƙare, don haka wanda ya zo a Janairu ya makara. Ku kai wa jami'in tsare-tsare takarda tun watan Mayu ko Yuni, lokacin da ruwa ke ƙasa kuma hotunan sabo ne: tsawon da ake buƙata, inda ruwan zai fita, yawan gidajen da abin ya shafa, makaranta ko masallaci ko asibitin da ke kan hanyar. Ku tambayi ranar taron jin ra'ayin jama'a da na ƙayyade kuɗaɗen haraji, ku je da mutanenku, ku tabbatar an rubuta buƙatarku a bayanan taron, sannan ku nemi kwafin bayanan. Idan kasafin ya fito, ku duba ko sunan lungunku yana ciki, da adadin kuɗin, da hanyar da aka ce kuɗin zai fito.

Asambiliman da ya ƙi zuwa, ya ƙi kiran taro, ya ƙi kai maganarku, doka ta ba da hanyar janye shi kafin wa'adinsa ya cika: kashi 25 cikin 100 na masu rajista a mazaɓar su sa hannu a koke zuwa hukumar zaɓe, a yi ƙuri'a, aƙalla kashi 40 su fito, kashi 60 na ƙuri'un su goyi bayan cire shi. Hanya ce mai wuya, domin ko a ranar zaɓen asambili kansa, irin na 19 ga Disamba 2023, mutane kaɗan ne ke fitowa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ku riƙe littafinku har zaɓe na gaba, ku kira duk 'yan takara zama ɗaya a filin makaranta, ku karanta musu awon da ranakun, kowannensu ya faɗi a gaban jama'a watan da zai kira taronsa na farko, a rubuta ya sa hannu.